Ranar da amsarmu ta dace da littafi, alhali kuskure ce

A shekarata ta farko ta karatun fiziks a Kebbi aka ba mu gwajin auna kaurin ruwa ta hanyar sakin ƙwallo a cikinsa. Watan Afrilu ne, bayan azahar, ba wuta, fankar ɗakin gwaje-gwaje tsaye cak. Wanda ya san Birnin Kebbi a wannan wata ya san irin zafin da nake faɗa, ko benci ka dafa sai ka ji kamar yanzu aka sauke shi daga murhu.

Mu huɗu ne a rukuninmu. Aka ajiye mana doguwar silinda ta gilashi mai faɗin santimita 4, cike da gilisarin, wani ruwa mai kauri, an ɗaura mata roba biyu, tsakaninsu santimita 20. Ga ƙwallayen ƙarfe manya da ƙanana a cikin murfin gwangwani, ga maikiromita ta auna faɗin ƙwallo, ga agogon ƙirga daƙiƙa. Akwai kuma ma'aunin zafi a gefen tebur, wanda ba wanda ya ko kalle shi a cikinmu.

Abin da ake nema ba mai wahalar ganewa ba ne. In ka saki ƙwallo a ruwa mai kauri, nauyinsa na ja ƙasa, ruwan na tallabo shi sama, kaurin kuma na riƙe shi, kuma gwargwadon gudunsa gwargwadon riƙon. Ba a jimawa sai ƙarfin ukun su yi kunnen doki, ƙwallon ya ci gaba da sauka da gudu ɗaya. Wannan gudun ake aunawa, shi ya sa robar farko take can ƙasa da bakin ruwan. George Stokes, masanin lissafi na Kambirij, shi ya fitar da ƙa'idar a 1851, kuma daga ita ake samun η = 2r²(ρ₁ − ρ₂)g / 9v. A nan η shi ne kaurin da ake nema, r rabin faɗin ƙwallo ne, v gudunsa, g kuma ƙarfin jan ƙasa, wato 9.8. Su ρ biyun nauyin ƙarfe ne da na ruwan a kowace mita kubik: ƙarfe wajen kilo 7,800, gilisarin 1,260. Kada a haɗa kauri da nauyi. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, amma zuba shi a ruwa ka gani, sama zai taso.

Ni na fara, kuma da babban ƙwallo na fara, irin 'ya'yan boris ɗin nan na keke masu kusan milimita 6. Kafin babban yatsana ya danna agogo ya wuce roba ta biyu, ya buga gindin silinda ƙwas. Rabin daƙiƙa ke nan ko ƙasa da haka, kuma jinkirin yatsan mutum kaɗai ya isa ya cinye rabin wannan. Daga baya na fahimci ba yatsa ne kawai matsalar ba: ƙa'idar Stokes tana aiki ne in ruwan na zagaye ƙwallon a natse, babban ƙwallo mai gudu kuwa dagula ruwan bayansa yake yi.

Muka koma kan mai milimita 2. Na farko ya tafi da ɗan kumfa manne a jikinsa, yana sauka yana karkata kamar mai jin barci. Sai muka koyi tsoma kowane ƙwallo a gilisarin tukuna, mu kama shi da hantsaki, mu sake shi daidai tsakiya. Sau biyar muka yi, lokacin na yawo tsakanin 4.9 da 5.1. Muka ɗauki daƙiƙa 5, wato gudun mita 0.04 a daƙiƙa.

Ni ne mai kalkuleta. Na danna, amsa ta fito 1.42. Muka buɗe jadawalin bayan littafi: gilisarin, 1.41 faskal-daƙiƙa, wato ma'aunin da ake auna kauri da shi. Har tafawa muka yi. Na ɗauki takardar na nufi dattijon da ke kula da kayan ɗakin, wanda kowa ke kira Baba, ina tafe ina jin kaina.

Ya duba takardar, ya ɗaga kai ya dubi silindar.

"Yaro, daƙiƙa nawa ƙwallon naku ya yi?"

"Biyar, Baba."

"In da kaurin nan 1.41 ne, da sai kun tsaya daƙiƙa 20 kuna kallonsa. Ina kuka kai sauran 15?"

Ya miƙo mini takardar, bai ƙara ko kalma ba. Sai da na bi lissafin layi-layi na ga ɓarnar: faɗin ƙwallon na sa a gurbin rabin faɗi, 2 a maimakon 1. Da yake r ana ninka shi da kansa, amsar ta ninku huɗu. Ainihin abin da muka auna 0.36 ne.

Nan gardama ta tashi. Ɗaya daga cikinmu ya ce a bar 1.42 ɗin, ai malami littafi zai duba. Ban ɓoye ba, ni ma zuciyata ta karkata can, don 0.36 kama take da amsar waɗanda ba su iya komai ba. Wata 'yar Argungu da ke rukuninmu, wadda tun farko ba ta cika magana ba, ita ta jawo littafin ta ɗora yatsa a saman jadawalin, inda aka rubuta digiri 20 da ƙananan baƙaƙe. Ta ce man shanun da ke daskare a kwalba da hunturu, wa ya taɓa ganinsa a daskare a watan nan? Ta ɗauko ma'aunin zafin ta tsoma. Digiri 38.

Gilisarin na daga cikin ruwan da zafi ke saurin tsinkawa. A digiri 20 yana 1.41, a 30 ya sauko wajen 0.61, a 40 kuwa bai fi 0.28 ba. Namu ya faɗa tsakanin na 30 da na 40, kusa da na 40, inda ya kamata ya faɗa. Kuskurena na ninka huɗu ya zo ya rufe ragin da zafi ya yi, kusan ba rara. Har yau in na tuna wannan dacen sai in ji tsoro, don da Baba bai tambaya ba da na tafi ina ganin na iya.

Saura ɗan gyara guda. Stokes ya ɗauka ruwan ba shi da gefe, silinda kuwa tana da bango, kuma bangon na rage wa ƙwallo gudu. Ana gyara wannan da ninka gudun da 1 + 2.4r/R, inda R yake rabin faɗin silinda. Namu ya ba da 1.12, amsar ta sauko 0.32. Ita muka rubuta a rahoto, da zafin a gefenta. Tun daga ranar nakan auna ƙwallo sau uku ta fuska daban-daban, don kuskuren kashi 5 cikin 100 a faɗi yakan zama kusan kashi 10 a amsa, kuma nakan rubuta faɗi da rabin faɗi a layi biyu kafin in taɓa kalkuleta.

Da hunturu ya shigo na roƙi Baba ya bar ni in sake gwajin da sassafe. Ya ce in dai zan tsamo ƙwallayen da maganaɗisu in goge su in mayar, ba ruwansa. Ma'auni ya nuna digiri 25. Na saki ƙwallon nan dai mai milimita 2 a silindar nan dai, na tsaya ina kallonsa yana gangarawa a hankali, sai da agogo ya kusa daƙiƙa 15 kafin ya taɓa roba ta biyu.