Dubu goman da ta kwana biyu a aljihuna

Ranar wata Alhamis bayan la'asar na tsaya gun wani yaro mai POS a bakin titin unguwarmu zan ciri dubu goma, ga layi ga zafi, yaron yana ƙirga kuɗi yana amsa waya duk a lokaci ɗaya, ya miƙo min na cusa a aljihu ko dubawa banyi ba. Sai da naje gida zan ba uwargida kuɗin cefane naga ashe 'yan dubu-dubu ne guda ashirin.

Nan take gabana ya faɗi, zuciyata tace koma ka mayar masa. Wallahi ita ta fara magana, ko sakan biyar ba a yi ba. Daga baya ne dabaru suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wai ai ba sata kayi ba da hannunsa ya baka, rabonka ne ya tsaga, ka manta yadda masu POS suka dinga yankar mutane a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, ga kuɗin makarantar yara ya matso, kuma kowace a ciki in ka saurare ta kamar tana da gaskiya.

Na ware goma na ba maiɗakina, sauran goman na linke na tura aljihun jamfar da ke rataye a ƙusa, ban ce mata komai ba. To anan ne abin ya kama ni. In rabona ne me yasa nake ɓoyewa matar da bana ɓoye mata albashina? Tun muna Islamiyya muka haddace hadisi na 27 a Arba'una, na Nawwas bin Sam'an, inda Annabi (SAW) yace zunubi shine abin da ya sosu a ranka kuma baka son mutane su gani. A nan ɗin dai akwai na Wabisa da aka ce masa ya tambayi zuciyarsa ko da mutane sun bashi fatawa. Shekara da shekaru ina karanta shi a baki, sai ranar na ji shi a ƙirjina.

Kwana biyu nayi a haka. Ina sujada kuɗin na faɗo min, ina cin tuwo ina tuna wuyan yaron da yake ta zufa a ƙarƙashin lema. Wannan abin da ke sukan mutum a ciki wasu suna ce masa lamiri, mu dai zuciya muka sani, kuma ba banza Allah ya rantse da rai mai yawan zargin kansa a farkon Suratul Ƙiyama ba.

Amma ni ban yarda kowa zai ce zuciyata ta natsu shikenan ba. Na san mai awo da ya bubbuge gindin kwanonsa yake tauye wa mutane, kuma barcinsa yake sha har da minshari. Surar da ta yi magana kan masu tauye mudu, Muɗaffifina, ita ce dai ta ambaci tsatsar da ke rufe zukata saboda abin da mutane ke aikatawa. Abin da ya tsorata ni kenan, domin a dare na biyu naji sukan ya fara raguwa, har na soma lissafin abin da zan saya.

Asabar da sassafe na tafi, yana kafa teburinsa. Nace samari ranar Alhamis kuɗinka basu yi gibi ba? Ya ɗago da sauri yace Baba dubu goma, oga yace a albashina zai cire. Na miƙa masa, ya ƙirga sau biyu hannunsa na rawa yana ta Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya raya zuri'a. Bai tambaye ni me yasa sai yau ba, ni na faɗa masa da bakina cewa tun ranar na gani, na roƙe shi ya yafe min kwana biyun nan.