Asabar a Bauchi: me ke cikin cibiyar tauraron niyutiron?

Hazo ya sauko sosai yau. Da muka fito daga sallar asuba ko duwatsun bayan unguwarmu ba a hangowa, ga sanyi har cikin ƙashi. Na karya da kunu da ƙosai, na hau babur zuwa darasin Asabar da muke yi wa 'yan aji shida masu shirin jarrabawar fita.

Darasin yau a kan ƙwayar zarra ne. Abin da manhaja ta tanada bai taka kara ya karya ba: cibiyar zarra, furoton da niyutiron a cikinta, ilektiron a kewaye, sai sunan James Chadwick da ya gano niyutiron a 1932. Da na ga akwai sauran lokaci, sai na ƙara musu da labarin taurarin da kusan niyutiron ne zalla. Idan tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye ya cinye makamashinsa, cibiyarsa takan rufta, ilektiron ya shige cikin furoton su koma niyutiron, sauran jikin ya tarwatse a sararin samaniya. Abin da ke saura dunƙule ne mai faɗin kilomita 20 zuwa 25, amma nauyinsa ya kai na rana sau 1.4, wani ma har sau 2. Ɗan gutsurensa mai santimita 1 ta kowane gefe ya haura tan miliyan 250. Ajin ya yi tsit. Can sai wata yarinya da ke zama kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, to shi niyutiron ɗin, in aka ci gaba da matse shi, ba ya fashewa?"

Na ajiye alli. Na ce mata wannan tambayar tata ita ce manyan masana fiziks ke kai ruwa rana a kanta yanzu haka. Na zana mata da'ira a allo da ɗigo uku a ciki, na ce shi ma niyutiron ba shi ne ƙarshen ƙanƙanta ba, akwai wasu ƙwayoyi uku a cikinsa da ake kira kwak, ɗaya na sama, biyu na ƙasa. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse, tambayar kuwa ta biyo ni har gida.

Tun 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo batun kwak, kowa ta hanyarsa. Har yau ba a taɓa kama guda ɗaya shi kaɗai ba. Ƙarfin da ke ɗaure su, wanda wasu ƙwayoyi masu suna guluwon ke ɗauke da shi, ba ya raguwa don an yi nisa. In ka ja su da nufin raba su, makamashin da ka zuba ne zai rikiɗe ya zama sababbin kwak, kowanne ya samu abokin zama, ka tashi a tutar babu. Amma a 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka nuna ɗaya fuskar lamarin: idan kwak suka matso kusa da juna ƙwarai, ɗaurin yakan sassauta. Wannan ne ya ba su kyautar Nobel a 2004. Kenan hanyar sakin kwak ita ce a danne su, a cunkushe su. Shekara biyu bayan wancan bincike, a 1975, John Collins da Malcolm Perry a Kambirij suka rubuta cewa wurin da ya fi dacewa a nemi irin wannan cunkoso shi ne cibiyar tauraron niyutiron.

Da hantsi uwargida ta tura ni cefane kasuwar Muda Lawal. Na tarar da mai tumatir ɗin da nake saye wurinsa yana juye wani babban kwando a kan buhu. Na sama lafiyayyu ne, jajaye, kowanne da ɓawonsa. Na tsakiya sun lotsa, sun ɗauki siffar maƙwabtansu, amma har yanzu kana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Na can ƙasa kuwa ɓawo ya yage, ruwa da 'ya'ya sun cakuɗe, ba ka cewa ga inda wannan ya ƙare ga inda wancan ya fara. Yana tsince masu kyau yana girgiza kai, ni kuma na tsaya ina kallon gindin kwandon nan har sai da ya ce, "Malam, na nawa za a zuba?" Abin da ake zato a cikin tauraron kenan: niyutiron a sama kowanne da iyakarsa, a can ƙarƙashi kuma nauyin na sama ya rushe iyakokin, kwak suna yawo cikin taro ɗaya. Bambancin dai shi ne tumatir lalacewa ya yi, su kuwa kwak sabon tsari suke shiga, mai dokokinsa.

Bayan azahar na rufe ɗaki na buɗe kwamfuta, na koma kan takardun da na tara game da batun. Wani zai ce, ai an riga an saki kwak a doron ƙasa. Gaskiya ne. A ɗakin gwaji na Brookhaven a Amurka an gwara cibiyoyin zarrar zinariya, a na CERN kusa da Jeneba an gwara na dalma, kuma an samu narkakken kwak da guluwon na ɗan ƙiftawar ido. Sai dai wancan da zafi aka same shi, zafin da ya haura digiri tiriliyan 2. Cikin tauraron niyutiron, in aka gwada da wannan, sanyi ƙalau yake, matsi ne kawai ke aiki. Kuma a daidai wannan yanayi na sanyi da cunkoso ne lissafin da ake yi da manyan kwamfutoci yake cijewa. Masana sun riƙe bakin zaren ta gefe biyu: sun san halin abu a cunkoson da ya yi daidai da na cibiyar zarra ko ya ɗara kaɗan, sun kuma san halinsa idan cunkoson ya ninka haka kamar sau 40. Cibiyar taurari mafiya nauyi tana tsakani, wajen ninki 5 ko fiye. A nan gizo ke saƙar.

Tunda ɗakin gwaji ya gaza, lissafi ya cije, sai aka koma auna taurarin kansu. Wannan ɓangaren ne yake taɓa zuciyata duk lokacin da na karanta shi. A 1967 Jocelyn Bell, tana ɗalibar digiri na uku a Kambirij, ta lura da wani saƙon rediyo da ke bugawa duk bayan daƙiƙa 1.33. Tauraron niyutiron ne ke juyawa yana watso haske ta gefe guda. Irin waɗannan taurari, da ake kira falsa, bugunsu ba ya saɓa lokaci, shi ya sa suka zama ma'auni. A 2010 aka yi amfani da na'urar Green Bank a Amurka aka bibiyi wani mai lamba J1614-2230, wanda ke zagaya juna da wani ƙaramin farin tauraro. Duk sanda saƙonsa ya ratsa kusa da abokin nasa, yakan makara da 'yan sassan miliyan na daƙiƙa, domin nauyin abokin ya lanƙwasa hanyar. Daga wannan 'yar makara aka fitar da nauyin tauraron: kusan ninki 2 na rana. Mutum yana zaune a duniya, ya auna abin da haske ke shafe dubban shekaru kafin ya iso daga gare shi, da agogo kawai. Allah mai iko.

Wannan awo ya girgiza masu ra'ayin kwak. Dalili kuwa, bayyanar sababbin ƙwayoyi a cibiya yakan sa abu ya yi laushi, abu mai laushi kuma ba ya iya tallafar nauyin rana biyu, sai ya rufta ya zama baƙin rami, inda ko haske ba ya iya kuɓucewa. Hasashe da dama sun sha ƙasa a lokacin. Waɗanda suka tsira su ne masu cewa kwak ɗin na ci gaba da ture juna da ƙarfi ko bayan an sake su. Daga baya aka samu wanda ya fi shi, J0740+6620, mai nauyin rana sau 2.08. Na'urar NICER, wadda aka ɗaura a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017, ta auna shi da hasken eksire, ta samu kusan kilomita 12 da 'yan kai daga cibiyarsa zuwa baki. Wato girmansa bai bambanta sosai da na taurarin da ya fi su nauyi nesa ba kusa ba.

Sai kuma 17 ga Agusta 2017. Ranar ce na'urorin LIGO biyu na Amurka da Virgo ta Italiya ke saurare lokacin da girgizar sararin samaniya ta iso daga taurarin niyutiron biyu da suka yi karo a tarin taurari na NGC 4993, nisan kimanin shekarar haske miliyan 130. An ji su na kusan daƙiƙa 100 suna zagaya juna suna ƙara sauri. Kafin su haɗu, kowanne yana jan ɗan'uwansa yana miƙar da shi, kuma yawan miƙewar yana barin alama a cikin girgizar. Alamar ta nuna ba su miƙe da yawa ba, ma'ana taurarin ba su da faɗin da abu mai tsananin tauri zai ba su. To ka ga an tsare ƙofa biyu kenan: kada abin ya cika laushi, kada kuma ya cika tauri.

A cikin wannan ɗan tsukin ne wata tawaga da ke da cibiya a Jami'ar Helsinki ta Finlan, su Eemeli Annala da Aleksi Kurkela da Aleksi Vuorinen da abokan aikinsu, ta yi aikin da na wuni ina karantawa. Ba su zaɓi hasashe ɗaya suka kare shi ba. Sun ƙirƙiri ɗimbin hanyoyin da matsi zai iya bin cunkoso tsakanin gefen nan biyu da aka sani, suka zubar da duk wadda ta saɓa wa awon taurari, sannan suka duba halin waɗanda suka rage. Ɗaya daga abubuwan da suka sa wa ido shi ne saurin sauti a cikin abin, domin a cikin sakakkun kwak yana daidaita a wajen kashi 58 cikin 100 na saurin haske. Sakamakon da suka buga a mujallar Nature Physics a 2020 ya ce taurari masu nauyin rana 1.4 cikinsu bai fita daga halin niyutiron ba, amma mafiya nauyi, na kusa da rana 2, cibiyarsu ta fi kama da kwak, kuma faɗinta na iya haura rabin faɗin tauraron. A 2023 suka sake aikin da ƙarin awo a Nature Communications, suka sa yiwuwar a kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Ragowar kason na nufin wani abu mai ban tsoro: cewa sauyin daga niyutiron zuwa kwak yana aukuwa ne a tashi ɗaya, da ƙarfin da ko 'yar ƙaramar cibiyar kwak ta bayyana, nan take tauraron zai rufta.

Ni dai zuciyata ta karkata ga cewa kwak ɗin suna can. Hujjar ta yi mini ƙarfi, musamman da yake ba a gina ta a kan son wani hasashe ba. Amma raina yana ɓaci idan na ga an rubuta "an gano" a kanun labarai. Abin da aka nuna shi ne halin cibiyar ya yi kama da halin kwak, kuma kama da wane ba ta wane. Masu binciken da kansu kaso suka bayar, ba su ce an gama magana ba, bai kamata mu da ke kai labarin ga yara mu fi su zaƙewa ba.

Bayan isha na leƙa gidan Kawu a Jahun, kamar yadda na saba ranar Asabar. Tsohon hedimasta ne, kuma har gobe ba ya barin magana ta wuce shi bai tone ta ba. Na same shi a zaure cikin bargo, ga kaskon wuta a gabansa. Hazon ya ɗan washe, muka fito tsakar gida na nuna masa kaza da 'ya'yanta, na ce can gabas da ita kaɗan akwai gawar tauraron da masana taurarin Sin suka ga fashewarsa a 1054, har da rana tsaka ana ganinsa tsawon kwana 23. Tauraron niyutiron da ya bari yana nan yana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya, a nisan shekarar haske kusan 6,500.

"Ɗana," ya ce, "na ji wasu na cewa shi ne tauraron da aka ambata a Suratu Ɗariƙ."

Na ce, "Kawu, kun fi ni sanin wannan fage, tafsiri na malamai ne. Ni dai ina tsoron ɗaura aya a kan binciken da gobe sabon awo zai iya gyara shi."

Ya gyaɗa kai, ya juya garwashi da ɗan kara. Sannan ya tambayi abin da ya fi damunsa: tunda ba mai zuwa can, wa zai raba gardamar?

Na ce masa karon taurarin ne zai raba ta. A 2017 an ji zagayen da suka yi kafin su haɗu, amma abin da ya biyo bayan haɗuwar, lokacin da dunƙulen ke kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa kuma cunkoso ya kai maƙura, ya fi ƙarfin kunnen na'urorin wancan lokaci. Idan kwak suka kuɓuce a wannan ɗan taƙin, dunƙulen zai ƙara tsukewa, saurin kaɗawarsa ya kauce daga inda lissafin niyutiron zalla ya ce zai tsaya. Don jin irin wannan ake shirin gina Einstein Telescope a ƙarƙashin ƙasa a Turai, da Cosmic Explorer a Amurka mai hannaye, wato dogayen bututun awo, na kilomita 40, ninki goma na LIGO. A Darmstadt ta Jamus kuma ana gina cibiyar FAIR, inda za a gwara cibiyoyin zarra ta yadda cunkoso zai fi zafi tasiri, a ɗan matso kusa da yanayin tauraron.

Kawu ya sa na maimaita masa tsawon hannayen nan, ya ce in rubuta masa sunayen wuraren uku a takarda da manyan baƙaƙe, yana so ya riƙa sauraron labarinsu a rediyo. Na rubuta masa a bayan ambulan, na yi masa sai da safe, na tayar da babur wajen ƙarfe goma.