Abin da tef ɗin awo ya koya mini a ɗinkin mata

Yawancin matan da nake yi wa ɗinki da hoto suke zuwa a waya: "Anti, irin wannan nake so." Ba na musu da su, amma kafin in sa almakashi sai na auna kafaɗa, ƙirji, ƙugu da kwatangwalo. Girman lambobin bai dame ni ba. Tazarar da ke tsakaninsu nake dubawa, don ita ke nuna mini inda riga za ta kama jiki da inda za a sake ta.

Rigunan talla galibi an yanka su ne don mace mai siririn ƙugu wadda ƙirjinta da kwatangwalonta suka zo daidai. Alhali binciken da aka yi a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka a 2005, kan mata sama da 6,000, ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai ke da wannan ƙira, wajen kashi 46 kuwa jikinsu a miƙe yake. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji mace tana aibata jikinta saboda rigar da tun farko ba don irinta aka yanka ba.

Wadda ƙasanta ya fi samanta cika, ina yi mata rigar da ta kama daga kafaɗa zuwa ƙugu sannan ta buɗe a hankali kamar harafin A, salon da mai tsara tufafi ɗan Faransa Christian Dior ya fito da sunansa a 1955. Adon sai in kai shi sama, wuya mai faɗi ko hannu mai ɗan tudu. Mai faɗin kafaɗa akasin haka: wuya mai tsini zuwa ƙasa, hannu ba tattara, cikar ta koma siket.

Inda na fi shan fama shi ne masu tumbi. Kusan kowacce cewa take, "Ki yi mini burmemiya ta rufe komai." To, yadi idan ya sauko daga ƙirji kai tsaye babu inda ya kama, faɗin ƙirjin nan shi zai zama faɗin jiki gaba ɗaya, sai mace ta fi yadda take girma. Abin da nake yi shi ne in nemo wurin da ya fi siranta, wanda sau da yawa ƙasan ƙirji ne kaɗan, in sa mahaɗin saman rigar da ƙasanta a nan. Matan Faransa sun sa irin wannan tun zamanin Napoleon. Sai dai tattarar gaba kada ta yi yawa, in ba haka ba a ɗauka juna biyu gare ta. Rigar naɗe da ake ɗaurewa a gefe, wadda mai tsara tufafi Diane von Furstenberg ta shahara da ita daga 1974, ita ma tana karɓarsu, ga shi ko jiki ya ƙaru ko ya ragu igiyar kawai za a gyara.

Mai miƙaƙƙen jiki ɗamara ta ishe ta, ko a yanka yadin a karkace yadda mai tsara tufafi 'yar Faransa Madeleine Vionnet ta yi suna da shi a shekarun 1920, don ya bi jiki. Irin wannan yanka yana miƙewa, saboda haka nakan rataye rigar ta kwana kafin in kalmashe bakinta.

Ga mai sayen ɗinkakkiya kuwa, kafaɗa nake cewa ta fara dubawa, domin gyaranta ya fi na ko'ina wuya. Ta zaɓi wadda ta shige ta a wurin da ta fi cika, ragowar a rage mata. Kuma kada ta tsaya ƙiƙam gaban madubi kawai: ta zauna, ta ɗaga hannu, ta sunkuya. Idan yadin ya ja layi a gicciye a kan ƙirji ko cinya, rigar ta matse, ko da lambar da ke wuyanta ita ce wadda ta saba sawa.