Yadda Muka Koyi Dakatawa Kafin Latsawa a Ofishinmu

Ni ma'aikacin sashen kuɗi ne, ban karanci kwamfuta ba. Amma da yake ta teburinmu ake biyan masu kawo wa kamfani kaya, sai aka ɗora mini zama da 'yan sashen kwamfuta, in dawo in isar wa abokan aikina abin da ya kamata mu kiyaye don kauce wa masu kutse da 'yan damfarar intanet. Na zaci za a cika mini kunne da kalmomin fasaha. Ashe yawancin abin da ake nema daga ma'aikaci hali ne, kuma sauya halin mutum ya fi saka masa manhaja wuya nesa ba kusa ba.

Da kalmar sirri muka fara. Tsohuwar dokarmu ita ce a canza ta duk wata, abin da ya jawo kowa ya riƙe kalma ɗaya yana ƙara mata lamba a ƙarshe, wasu ma su rubuta a takarda su manna a jikin allon kwamfuta. Tun 2017 hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, ta ba da shawarar a daina tilasta canjin lokaci-lokaci, sai dai in akwai alamar an sace kalmar, a mayar da hankali kan tsawonta. Haka muka yi: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, kowane asusu da tasa, sannan manhajar adana kalmomin sirri ta riƙe sauran. Masu gardama na kan ba su labarin kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline. A watan Mayun 2021 masu kutse suka shiga kamfanin da kalmar sirri guda ta wani asusu da aka daina amfani da shi, wanda ba shi da tantancewa ta biyu, wato ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, kamar amincewa ta waya. Bututun man da ke shayar da gabashin Amurka ya tsaya na kwanaki, aka biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4.

Tantancewa mai mataki biyu ta sha suka a farko, wai ɓata lokaci ce. Yanzu an saba. Abin da nake yawan nanatawa shi ne, in wayarka ta nemi ka amince da shiga alhali ba kai kake ƙoƙarin shiga ba, wani ne ya riga ya mallaki kalmarka. A 2022 haka aka shiga Uber: an yi ta turo wa wani ɗan kwangilarsu buƙatar amincewa ba ƙaƙƙautawa har ya latsa.

Inda na fi shan wuya shi ne saƙonni. Ɗan damfara da ya san aikinsa ba ya rubuta shirme. Zai zo da sunan kamfanin da kuka daɗe kuna hulɗa da shi, da tambarinsa, da salon gaisuwarsa, ya ce sun canza banki, ga sabuwar lambar asusu, a taimaka a biya yau. Harafi ɗaya ne kawai zai bambanta adireshin imel ɗin da na gaskiya, wani lokacin ma babu bambanci, don akwatin imel ɗin kamfanin aka kutsa. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook da takardun neman biya na bogi. In kamfanoni irin waɗannan sun faɗa, wa zai ce shi ya fi ƙarfin abin? Sai muka kafa doka ɗaya tak: duk saƙon da ya nemi canjin asusu ko biyan gaggawa, sai an buga waya an tabbatar, kuma da lambar da muke da ita a fayil tun da, ba wadda aka rubuto a cikin saƙon ba.

Rubuta dokar bai ɗauki minti biyar ba. Aiki da ita ne ya zama jidali, saboda saƙon da ya fi haɗari shi ne wanda ya zo da sunan shugaba. Ƙaramin ma'aikaci yana jin nauyin ya kira manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, da gaske kai ka turo?" Gani yake kamar ya ƙaryata shi. Wannan jin nauyin da gaggawa su ne jarin ɗan damfara. Ban iya warware matsalar da bakina ba, sai da manajan da kansa ya tashi a taro ya ce duk wanda ya biya kuɗi da sunansa bai kira shi ba, shi ne ya saɓa masa. Daga ranar kiran ya zama biyayya. Ko ganin fuska ma ya daina zama hujja: a farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugaban sashen kuɗi da wasu abokan aiki, alhali duk fuskoki da muryoyin na ƙirƙirarriyar basira ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In za ka tashi daga tebur, ko da na ɗan lokaci ne, danna maɓallin Windows da L ka kulle allon. Filash ɗin da ba ka san asalinsa ba, miƙa shi sashen kwamfuta. Kada ka buɗe fayilolin ofis a kan Wi-Fi na otal ko filin jirgi ba tare da VPN ba, wato manhajar da ke ɓoye bayanan da kake aikawa ta intanet. Saƙon sabunta manhaja kuwa, wanda kowa ke cewa "anjima", ka bar shi ya yi aikinsa. Muguwar manhajar nan ta WannaCry da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya, ta bi ta ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawan masu ɓoyewa. Mutum zai latsa mahaɗi, ya shigar da kalmarsa, jikinsa ya ba shi an cuce shi, sai ya yi shiru yana fatan abin ya wuce. A cikin wannan shirun ne ɓarawo ke karanta imel, yana tura wa wasu saƙo da sunansa. Mun cire hukunci ga duk wanda ya kai rahoto da wuri, muka manna lambar sashen kwamfuta inda kowa zai gani, tare da abin yi: cire na'urar daga intanet, kira su, canza kalmar sirri daga wata na'urar daban.

Wanda har yanzu ban ci nasara a kansa ba shi ne tura takardun ofis ta WhatsApp a wayoyin kanmu. Ya fi sauri, kowa ya sani, shi ya sa nasiha ba ta tasiri. Na dai kai maganar gaba cewa sai an samar da hanyar ofis mai sauƙi kamarsa kafin a hana.