Zaman da na yi da tsohon kansilanmu

Na jima ina son in zauna da tsohon kansilan mazaɓarmu in ji ta bakinshi, don shi mutum ne da ba ya rubutu a Facebook ba ya shiga rediyo, amma in ya buɗe baki sai ka ji abin da 'yan sojan baka ba sa faɗa. Ranar Asabar Allah ya yi. Na same shi a ƙofar gida da wani tsohon littafi a cinya wanda bangonshi ya tsage, wayarshi kuma ba ta huta ba tunda na zauna, kafin mu gama gaisawa mutum biyu sun zo, ɗaya da takardar magani a naɗe ɗaya kuma maganar kuɗin jarabawar yarinyarshi. Mutumin nan fa ya sauka daga kujera tun tuni, amma har yau Honarabul ake ce mishi kuma har yau ƙofarshi ake bugawa.

Na ce ranka ya daɗe, ni maganar 'yancin ƙananan hukumomi ta kawo ni, tunda kai ka shiga ciki ka gani.

Sai ya yi shiru kaɗan ya ce, ɗana, ka san abin da ake kira asusun haɗaka? Daga nan ya ɗauko ta tun daga tushe. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kuma a rabon arzikin ƙasa kasonsu kashi 20.60 ne cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. A takarda kenan. Amma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin su bi ta wani asusu na haɗin gwiwa da jiha, to a nan gizo ke saƙa, don kafin kuɗi su iso sakatariya an cire albashin malaman firamare an cire na wannan an cire na wancan an ce akwai aikin haɗin gwiwa, abin da ya rage ciyaman ya biya albashi ya zauna yana kallon bango. Ya ce a zamaninsu sun sha zama a majalisa su amince da bajat suna sane ko kwalbati ɗaya ba za a gina daga ciki ba, kuma kai kansila kai ne za ka koma unguwa ka kalli idon mutanen da suka tsaya a rana suka zaɓe ka.

Na tuna mishi hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da ƙarar gwamnoni 36, kotu ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa sashe na 7. Na ce ai wannan nasara ce. Ya ce nasara ce kam, ya ji daɗi ranar, amma shi har yanzu bai ga canjin a ƙasa ba, kuma ko an fara tura kuɗin gobe akwai sauran rina a kaba. Hujjarshi ita ta fi tsaya min a rai. Wa ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi? Hukumar zaɓe ta jiha. Wa ke naɗa ta? Gwamna. Bayan hukuncin jihohi da yawa sun yi rige-rigen yin zaɓe, kuma kusan ko'ina waɗanda gwamna ke so su suka kwashe kujerun. To ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora da hannunshi, in kuɗi suka faɗo asusunshi aka kira shi da daddare aka ce ya kawo, da wane bakin zai ce a'a? Shi a ganinshi a mayar da zaɓen hannun INEC tukuna, sannan a yi maganar kuɗi.

Wallahi a nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ko da yake na ce mishi ita ma INEC ɗin ba a rasa ƙorafi a kanta. Ya ce haka ne, amma gara wanda ba a gidan gwamnati yake karɓar albashi ba.

Maganar cire tallafin mai da aka yi ranar 29 ga Mayun 2023 bai daɗe a kai ba. Cewa kawai ya yi tunda aka cire, kuɗin da ake rabawa duk wata sun ƙaru sosai, to mutane su daina kallon Abuja kaɗai su tambayi inda ƙarin jiharsu da na ƙaramar hukumarsu ya shiga.

Inda muka rabu shi ne batun matasa da shaye-shaye. Shi ya ɗora laifin kacokan a kan iyaye, wai an haifi yara an sake su, uba bai san inda ɗanshi ya kwana ba. Na ce ranka ya daɗe a gafarce ni, ban musa ba akwai sakacin iyaye, amma lokacin kamfen wa ke tara yaran nan a bayan mota, wa ke ba su kuɗin da kowa ya san abin da za su saya da shi? Tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, NDLEA na ta kame, amma duk zaɓe sai an sake farfaɗo da 'yan jagaliya saboda akwai masu buƙatarsu. Sannan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ga shi jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa hannun ƙaramar hukuma a makarantun firamare, to in aji ba rufi ba malami, uban da ya tura ɗanshi can me ya tura shi ya yi? Raina ya ɗan ɓaci ina maganar, don akwai yaron da muka taso tare wanda tun wani kamfen da aka yi da shi bai sake dawowa daidai ba, uwarshi har yau tana zagayen nema mishi magani.

Ban yi zaton zai amsa ba, amma ya amsa. Ya ce shi ma a takararshi ta farko an kawo mishi irin yaran nan kuma bai kore su ba, yana ganin in ya kore su abokin hamayya zai kwashe, kuma abin na damunshi har yau. Bai janye maganarshi a kan iyaye ba, ni ma ban janye tawa ba.

Da zan tafi na tambaye shi littafin da ke cinyarshi. Ya buɗe min. Sunayen unguwanni ne da abin da kowace ta roƙa tun yana kan kujera, rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, rufin aji biyu, ma'aikaciyar jinya ko ɗaya a ƙaramin asibiti, waɗanda aka yi ya ja musu layi da jan biro. Na juya shafi huɗu, layi uku na ƙirga. Ya ce duk sabon kansilan da aka rantsar yana kai mishi kwafi, na yanzu ma ya kai mishi, kuma wata mai zuwa in majalisa ta zauna kan bajat zai je ya zauna a kujerar baya ya saurara. Ya ce in ina da lokaci in zo mu je tare, na ce in sha Allahu zan zo.