Ɓera mai rai ko daskararre: yadda nake ciyar da mesata a Zariya

Kiwon maciji a gida abu ne da har yanzu yake baƙo a ƙasar Zazzau, domin abin da muka tashi muka sani shi ne gardi mai yawo da gamsheƙa ranar kasuwa, da kuma kububuwar da manomi yake tsoron takawa a gona. Duk da haka akwai 'yan tsirarun mutane da suke ajiye macizai marasa dafi, kuma ina cikinsu. Wadda nake kiwo ita ce ƙaramar mesar nan ta Afirka ta Yamma mai dunƙulewa ta ɓoye kai a tsakiyar jikinta idan ta tsorata, wadda masana suke kira Python regius, kuma ake fitar da ita da yawa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Abincinta ɓera ne, kuma a nan masu kiwo suke rabuwa: wasu suna jefa mata shi da ransa, wasu kuma suna ba ta wanda aka kashe aka daskarar, sannan aka narkar da shi. Ni na daɗe da tsayawa a kan cewa ɓera mai rai ba ya shiga kejina.

Hujjar masu bayar da mai rai ita ce haka Allah ya halicci mesa, da farauta take ci. Gaskiya ne, amma a daji mesa takan yi kwanton ɓauna ne a bakin rami, ta kai hari lokacin da take jin yunwa, idan kuma ba ta so ɓeran ya wuce abinsa. A cikin keji babu inda ɗayansu zai gudu. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa suke da kaifin da yake huda katako, kuma ɓeran da ya ga mutuwa a gabansa zai yi cizo da iya ƙarfinsa. Ko mesa ta dace da kamu ta nannaɗe shi, idan kansa ya kuɓuce yana iya cizon ta a ido ko a baki, raunin baki kuwa yakan ruɓe ya hana ta cin abinci na tsawon lokaci. Abin da ya fi wannan muni shi ne mesar da ba ta jin yunwa sau da yawa ba ta kare kanta. Sai ta dunƙule kawai, ɓeran kuma ya yi ta gaigayar bayanta, wani lokaci har ƙashi ya bayyana. Wannan jinsin kuwa ya yi suna wajen ƙin cin abinci, musamman idan ta kusa yin saɓa idanunta suka yi hazo, ko a lokacin hunturu da sanyin asuba yake ratsa ɗaki, ta yadda mai ita ba zai taɓa tabbatar da ranar da za ta karɓa ba.

Akwai kuma haƙƙin shi ɓeran, wanda ba na jin ana ambatonsa yadda ya kamata. Hadisin da Shaddad ɗan Aus ya ruwaito ya koyar da mu cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Idan dole ne dabba ta mutu don wata ta rayu, to gaggauta mata ya fi a kulle ta da abin da zai matse ta tana kuka. A Ingila ma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta hana jawo wa dabba wahalar da ba ta zama dole ba, kuma masu kiwon macizai a can daskararre suke bayarwa.

Shirya daskararren ɓera ba wuya, sai dai yana son haƙuri. Nakan fito da shi daga firiza in sa shi a ƙasan firij cikin leda ya kwana, washegari da magariba in tsoma ledar a ruwa mai ɗumi har sai na latsa cikinsa na ji babu sauran tauri ko sanyi. Ba a sa shi a tafasasshen ruwa, domin waje zai dahu alhali ciki yana da ƙanƙara, mesar da ta haɗiyi irin wannan kuwa tana iya amayar da shi. Ɗumin yana da wani amfani: a leɓen wannan mesa akwai ƙananan ramuka da take jin zafin jikin abin farauta da su ko cikin duhu, saboda haka ɓera mai sanyi bai cika jan hankalinta ba. Ina riƙe shi da dogon awartaki in ɗan motsa shi a gabanta, hannuna yana nesa. Kaurinsa kada ya wuce inda ya fi kauri a jikinta, babbar mesa kuma ci ɗaya a kwana 10 zuwa 14 ya ishe ta, sannan a bar ta kwana biyu ba a ɗauke ta ba.

Inda shawarar mutanen waje take gaza mana shi ne wutar lantarki. Su suna magana ne a kan firizar da take zaune a ma'aunin 18 ƙasa da sifili dare da rana, mu kuwa a Zariya ana iya ɗauke wuta a watan Afrilu ta wuni ba ta dawo ba. Ɓera ba kamar naman mahauci ba ne da aka feɗe aka cire kayan ciki. Da hanjinsa ake daskarar da shi, don haka da zarar ya narke ruɓewa daga ciki take farawa, kuma sake daskarar da shi ba ya gyara komai. Duk wanda ya narke ba da niyyata ba, ko ya kumbura, ko ya canza wari, binne shi nake yi. Ina ajiye kaɗan kaɗan, a cikin roba mai murfi da ba ta haɗuwa da abincin iyali, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar salmonela mai jawo gudawa da zazzaɓi, kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ɓera ko maciji wajibi ne. Wanda ba shi da sola ko janareta yana da hanya ta uku, wato ya ba da ɓeran da aka kashe nan take yana da sauran ɗumi, bisa sharaɗin ya nemi likitan dabbobi ya koya masa kisa mai sauri. Zariya ba ta rasa masanan ba, tun da Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi a Samaru.

Abin da ba na sassautawa a kai ko kaɗan shi ne ɓeran gida ko na rumbu, duk da cewa shi ne ya fi sauƙin samu kuma kyauta ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da shi a fitsari da kashinsa, kuma haɗarin yana kan mutumin da ya kama shi da iyalinsa. Ga kuma shinkafar ɓera da maƙwabta suke zubawa: ɓeran da ya ci guba yakan yi ta yawo a galabaice kafin ya mutu, shi ne ma ya fi saurin faɗawa hannu, gubar kuma tana wucewa cikin mesa. Farin ɓeran da aka kiwata a keji mai tsabta, aka san abin da ya ci, shi kaɗai nake saya.

Mesar da ta saba da mai rai takan ƙi matacce da farko, kuma a nan ne da yawa suke karaya. Babbar mesa mai lafiya tana iya yin makonni ba ta ci ba ba tare da ta rame ba, don haka sai a bar mako guda tsakanin gwaji da gwaji, a ba ta da dare, a ƙara ɗumama kan ɓeran, a tabbatar tana da maɓoya da wuri mai ɗumi a kejin. A riƙa auna nauyinta duk wata ana rubutawa, idan aka ga yana raguwa sosai ko ƙashin bayanta ya fara fitowa, sai a kai ta wurin likita.