Kyamara za ta koma birni, wadda aka ɗauka tana nan a ƙauye

Babban abin da aikin fim da hoto kan haƙƙin mata ya koya mini a karkarar Kano da Jigawa shi ne, mai kyamara baƙo ne, gobe zai tafi, amma matar da ya ɗauka tana nan tare da mijinta da uwar mijinta da kishiyarta da maƙwabta. Duk shawarar da za a yanke, daga inda za a kafa kyamara har zuwa rubutun da za a sa a fosta, da wannan ma'auni ake auna ta.

Shiga gari da tsari ake yi: takarda ga hakimi, sannan dagaci, mai unguwa, da limamin gari. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, a bi ta kanta kafin a haska wa jama'a fim. Sai dai izinin waɗannan duka ƙofar gari kawai yake buɗewa. Ba ya zama yardar matar da za a ɗauka. A nan masu aikin da yawa suke tuntuɓe: mai unguwa ya ce an yarda, maigida ya ce an yarda, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce to, don ba ta iya musa wa baƙon da manya suka kawo. Wannan ba yarda ba ce, kunya ce. Mace ce za ta tambaye ta, a cikin gida, ba a gaban wanda ya yi rakiya ba, kuma a ba ta kwana ɗaya ta yi shawara. Namiji iyakarsa zaure, don haka tawagar da ba ta da mace mai iya riƙe kyamara da ɗaukar sauti ba ta shirya wa wannan aiki ba.

Takardar yarda da Turanci wadda aka dangwala wa yatsa ba ta kare kowa. A ɗauki yardar da murya, da Hausa, ko da Fulatanci idan a ruga ne, bayan an yi mata bayani dalla-dalla: "Yaya, wannan hoton zai iya shiga WhatsApp da Facebook, zai iya kaiwa ga masu tura fina-finai a memori ranar kasuwa, ɗan'uwanki da ke ci-rani a Legas zai iya gani. In ya fita ba ya dawowa." Wadda ta ji haka ta ce a'a, an gama magana. Wadda ta amince, a koma a nuna mata abin da aka haɗa kafin kowa ya gani, a ba ta ikon cewa a cire nan.

Dusashe fuska ba ya ɓoye mutum a ƙauye. A garin da kowa ya san kowa, ana gane mace da muryarta, da zanen da aka yi anko da shi a bikin bara, da jeren kwanukan da ke bayanta, da zanen lallen hannunta, har da kukar da ta leƙo ta saman katanga. Idan maganar ta shafi fyaɗe, ko dukan aure, ko yoyon fitsari, abin da ya fi tsaro shi ne a rubuta labarin, a sauya bayanan da za su tona ta, wata daga wani gari ta karanta, a ɗora hoton hannuwa suna tankaɗe ko hanyar rafi. Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa, ba a ɗaukar ta a irin wannan batu ko da iyayenta sun yarda. A kashe alamar wurin da waya ke liƙa wa hoto, kuma kada ɗanyen hoton ya kwana a wayar da ake kai wa mai caji.

Ta fuskar na'ura, sauti ne ke kashe fim kafin hoto. Mutane za su jure hoto mai duhu, ba za su jure maganar da ba sa ji ba. Ƙaramin makirufo mai maƙalawa a sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, ta wajen hijabi, domin in yana ciki duk motsin da ta yi sai ƙyallen ya goge shi. A saurara da abin kunne tun kafin a fara. A tambayi lokacin da injin niƙa ke tashi da lokacin daka, a kauce musu, sannan a ɗauki minti ɗaya na shirun wurin don cike giɓi wajen haɗawa. Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Rana tsaka tana jefa inuwa a ido, kuma farin hijabi yana ruɗin kyamara ta rage haske har fuska ta yi baƙi ƙirin. A danna kan fuskar a kulle hasken a nan. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, waya kan yi zafi ta katse ɗauka, sai a riƙa yi gajere-gajere a inuwa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a hure gilashin kafin a goge, in ba haka ba ya karce.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne ginin labari. Fim ɗin da ya mai da miji dodo, mata za su kalla su share hawaye, maza su tashi su kaɗe riga, gobe kuma a hana matan zuwa. Alhali wanda zai ba da izinin zuwa awo, ya nemo kuɗin mota da tsakar dare, shi ne mijin. Ɗauki doguwar naƙuda, wadda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari. Jinkirin kashi uku ne: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake faruwa, tsakanin mai ciki da ke jin kunyar ta nuna tana jin ciwo, musamman a haihuwar fari, da uwar miji da ungozoma da ke cewa a ƙara haƙuri, da miji da ya tafi gona bai bar sallahu ba. Fim mai amfani zai nuna magidanci ɗan garin yana cewa ya bar izini tun cikin yana wata bakwai, ya ajiye kuɗin mota, ya karɓi lambar direba. A kuma faɗi a fili cewa ciwon yana warkewa da aiki, ana yin sa a Babban Asibitin Jahun da cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano.

Haka batun gado da ilimi. Ba sai an ciwo hujja daga nesa ba. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun yanka wa 'ya da mata rabonsu, tumunin takaba idan mamaci ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jajis suke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Malamin garin da kansa ya faɗi wannan a gaban kyamara ya fi baƙo goma. Dokoki ma a ambace su da sauƙin harshe, kamar dokar hana cin zarafi da Jigawa ta sanya wa hannu a 2021.

Wani lokaci mafita ita ce a miƙa wa matan kyamarar. Wasu masu bincike, Caroline Wang da Mary Ann Burris, sun gwada haka da matan karkarar Yunnan a ƙasar Sin a farkon shekarun 1990. A nan ma yana yiwuwa da mata takwas zuwa goma, wayoyi uku ko huɗu, koyarwar kwana biyu, da tambaya guda: me ke cinye miki yini? Hoton layin jarkoki a bakin burtsatse da su suka ɗauka suka zaɓa, suna iya ajiye shi gaban kansila su yi bayani da bakinsu.

Majigi tsohon abu ne a ƙasar Hausa tun zamanin Turawa, kuma har yau yana tara jama'a. Farin ƙyalle mita uku da biyu ya isa, a ɗaure kusurwa huɗu saboda iska, a kai janareta nesa kamar mita 30 da doguwar waya. Amma majigin dandali bayan isha'i na maza da yara ne. Matan aure a yi musu nasu a babban gida ko ajin Islamiyya, a toshe tagogi, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin girki. Fim kada ya wuce minti 15, tattaunawa ta ninka shi biyu, kuma wata da suke ganin girmanta ta jagoranta.

Fosta kuwa a gwada ta kafin a buga. A nuna wa mutum goma ɗaya bayan ɗaya, ba tare da bayani ba, a ce me kika gani? In uku suka fahimci wani abu dabam, a sake zane. Jan gicciye a kan hoto ba kowa ke ɗaukarsa hani ba, kuma zanen mai ciki babu mayafi yagewa za a yi. Saƙo ɗaya, kalmomi kaɗan, da boko da ajami. A duba cewa ɓ da ɗ da ƙ sun fito a wajen mai bugawa, don wasu haruffan kwamfuta akwati suke sawa a gurbinsu. Lambar wayar da aka rubuta a ƙasa a kira ta da dare a ji ko ana ɗauka, domin wadda fim ya ba ƙarfin halin kira ba lallai ta sake samun waya a hannunta ba. Bayan mako biyu a koma garin, a fara da gidan wadda ta fito a fim ɗin, a tambaye ta a keɓe abin da aka ce mata.